Kyanwar Tela da 'Ya'yanta

Tela ya fizge kwalin daga hannun maƙwabcinsa, har 'ya'yan kyanwar huɗu suka kife a kan ƙyallayen da ya shimfiɗa musu.

"Ɗaya kawai nake so, ɓeraye sun hana mu sakat," in ji maƙwabcin. "Ai sun daina shan nono."

Tela ya haɗe rai. "Don sun daina sai aka ce sun gama da uwarsu? Ita ke lashe su, ita ke koya musu farauta. Ka ɗauke ɗaya, kwana uku za ta yi tana zagaya gidan nan tana kuka. Ba zan ɗauki wannan alhakin ba."

Maƙwabcin ya tafi yana yaba tausayinsa. Tela ya zuba wa uwar madara, yana shafa bayanta.

Sai ƙanwarsa ta leƙo shagon. "Yaya, tsohuwar matarka ce a ƙofa. Yau kwana uku ke nan tana zarya. Ta ce ko daga nesa ne a nuna mata 'yarta."

Tela bai ɗago kai ba.

"Ki ce mata ba ma nan. An riga an yaye yarinyar, me kuma za ta yi mata?"