Kujerar Ofishin Shugaban Makaranta

Ana gab da jarrabawar fita sakandare, shugaban makarantarmu ya kira ni ofis da la'asar. Mutumin da bai taɓa sakar mana fuska ba, ran nan har kujera ya ba ni.

Ya ce, "Ɗana, ruwa ya sauka a garinku Runka. Je ka taya mahaifinka shuka, jarrabawa sai baɗi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ne ya aiko?"

Murmushi kawai ya yi. A motar komawa gida na tarar da 'yan ajinmu, duk mu masu zuwa na ƙarshe.

Shekarar nan waɗanda suka zauna duk sun ci, aka yi ta yabon shugabancinsa. Ni kuwa har yau, in babba ya ba ni kujera yana murmushi, ba na zama.