Sirinji Marar Allura

A kwandon shara Malam ya tsinci sirinjin, tsakanin ɓawon lemo da auduga mai warin sifirit. Wani abu mai ruwan toka ya daskare a bakin sirinjin.

Malam ya tsufa a aji kafin ya yi ritaya, ya san yadda yaro ke lalacewa: da shiru ake farawa. Autansa kuwa, saurayi da hankalinsa, tun rasuwar mahaifiyarsa ya ɗauke wa kowa magana. Ya naɗe dardumar ɗakinsa ya fitar. Ya hana kyanwa shiga. Kafin ya zauna sai ya shafa ƙarfen taga, kamar mai tsafi.

Da hantsi Malam ya leƙa ta gefen labule. Auta na sunkuye a kan tebur, ya ba taga baya. Ya ɗaure wuyan hannunsa tamau da wani madauri, siririyar waya na reto a jiki. Ko numfashin kirki ba ya yi. Malam ya saki labulen. Ya riga ya binne mata, ba zai binne ɗa ba.

Bayan azahar Auta ya fito yana gyara hula.

"Zan je in dawo, Baba. Don Allah kada a taɓa mini komai."

Kada a taɓa! A gidan wa?

Malam bai ko kalli teburin da aka lulluɓe da zanen gado ba. Mai ɓoye abu ba ya ajiye shi a sarari. Ya ɗaga katifa, ya zazzage takalma, ya buɗe durowar kaya. Can ƙasa, naɗe cikin gyalen marigayiya, ya ga wata leda mai sheƙin azurfa, an liƙe bakinta. Abin ciki mai tauri ne, da ɗan nauyi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba.

Cikin gyalen uwarsa! Malam bai yarda ya buɗe ba. Ya ƙwace abubuwa da yawa a hannun ɗalibai, bai taɓa buƙatar ɗanɗana guba kafin ya san guba ce ba. Ya nufi bayan gida inda shara ke ci da wuta, ya cusa ledar a tsakiyar garwashi, ya danna da sanda. Bai gusa ba sai da ta narke ta yi baƙi ƙirin.

Da Auta ya dawo, a bakin gadonsa ya tarar da mahaifinsa, sirinjin na kan cinyarsa.

"Wa ya sayar maka? Sunansa nake so. Sai ya yi bayani a gaban hukuma."

Auta ya dubi sirinjin, ya dubi tsohon, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba.

"Haba Baba, ina allurar?"

Ya yaye zanen gadon. Akwatin kwamfuta ne a buɗe, ga ƙananan sukurori jere a kan faranti. Abu mai ruwan tokar nan na cikin sirinjin, in ji shi, shafa wa ƙwaƙwalwar na'urar ake yi don kada ta yi zafi. Madaurin da shafa ƙarfe kuwa don sauke lantarkin jikin mutum ne, wanda ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe kayan. Darduma da gashin kyanwa su ke tara shi.

Malam ya sauke ajiyar zuciya, ƙwalla ta cika masa ido. Iska ta turo ƙaurin hayaƙi ta taga.

"Abu ɗaya ya rage in ɗaura," in ji Auta, yana jawo durowar kaya. "Na so in ba ka mamaki ne. Faifan tsohuwar kwamfutar Mama na ciro, Baba. Hotunanta da muryarta duk suna ciki, kuma ba su a ko'ina sai nan."