Sabuwar Fuskar Matar Direban Jirgi

Tunda kin kawo zancen furfura da tamoji, 'yar nan, gyara zama in ba ki wani misali.

An yi wata mata, Tabawa, mai sana'ar turaren wuta, mijinta tsohon direban jirgin ƙasa ne. Tare suka tsufa, har ya kai ga rikicewar tsufa ta kama maigidan. Ya manta sunayen 'ya'yansa, ya manta hanyar masallaci. Kullum da hantsi takan shimfiɗa masa tabarma a gindin mangwaro, ta dama masa kunu ta ba shi a baki, shi kuwa ya shanye, ya dube ta cikin ladabi ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ga matata ba?" Tambayar nan ta yi ta cin ta a rai. Ran nan ta tsaya gaban madubi, ta sa yatsu ta ja kumatunta baya zuwa kunne, sai ga amaryar da aka kai Zariya a jirgi ta leƙo ta dube ta. Ta ce a ranta, ashe wannan yake nema. Ta bar shi a hannun babbar 'yarsu, ta tafi wani asibiti a ƙasar Masar, inda likita ya tsaga ta gefen kunnuwa zuwa cikin gashi, ya ja fatar da ta saki, ya rage, ya ɗinke.

Ta farka kanta naɗe da bandeji, fuska ta kumbura kamar ƙullun alkaki, idanu sun zama 'yan tsaga. Aka hana ta dariya, aka hana ta sunkuyo, aka hana ta shiga rana. Barci a jingine take yi da matasai, salla a zaune da nuni, abinci kuwa sai mai ruwa-ruwa. In ta taɓa kumatunta sai ta ji kamar na wata take taɓawa. Magani yakan sa ta gyangyaɗi da tsakar rana, labulen taga yana kaɗawa, sai ta ga ɗakin ya zama tarago yana tafiya a hankali cikin damina. Gero ya yi kai hagu da dama, balbelu na tashi daga fadama, mata a tasha suna miƙo gyaɗa da rake ta taga. Can gaba ta san shi ne ke jan jirgin, saurayi da farar hula, in ya busa usur ita yake gaya wa yana nan. Ta tashi ta bi tarago bayan tarago don ta isa gare shi, taragun ba sa ƙarewa, har ma'aikaciyar jinya ta zo ta tashe ta shan magani. A haka taruwar jinin da ke fuskarta ta juya daga baƙi zuwa kore, daga kore zuwa ruwan ɗorawa, ta ɓace. Aka cire zare, kumburi ya sace. Likita ya iya aikinsa. Da ta ɗauki madubi, ta ga fuska sumul kamar sabuwar ƙwarya.

Ta dawo gida ta tarar da maigidan ya rame. 'Yar ta ce tun tafiyarta yake ture kofi, sai an yi da gaske yake kurɓa ɗaya. Matar ta yi wanka, ta ɗaura zanen da yake so, ta zo ta zauna a bakin tabarmarsa tana jiran ya ɗago. Ya ɗago kuwa. Ya dube ta, sai kunya ta kama shi, ya janye ƙafarsa, ya kawar da kai. Ya ce, "Yarinya, bai kamata ki zauna nan ba, ni magidanci ne." Ta kira shi da sunan da ta saba, ta tuna masa tashar Zariya, ta tuna masa usur. Shi dai idonsa na kan ganyen mangwaro.

Hawaye suka riƙa bin kumatun da ba su gama sanin taɓawa ba, ko jin gudunsu ba ta yi. Rana ta matso, inuwa ta janye, gumi ya tsattsafo masa a goshi ya lumshe ido. Ba tare da ta yi tunani ba ta miƙa hannu ta share masa, yadda ta saba. Sai ya kama hannun. Bai buɗe ido ba. Ya bi jijiyoyin da suka fito ruɗu-ruɗu da ɗan yatsa, ya shafa fatar da ta yamutse, ya tsaya a kan tabon da kaskon turare ya bar mata, ya kai tafin hannun ga hancinsa ya shaƙa.

Ya ce, "Tabawa, kin daɗe. Yunwa nake ji."

Ta ɗauko kofin, ya sha har ƙasa yana riƙe da wuyan hannunta. Daga ranar ta daina zama a gabansa. Takan zauna a gefe, kafaɗa da kafaɗa, ta ɗora masa hannu a gwiwa, su biyu suna kallon tsakar gida. Wani lokaci yakan tambayi ina matarsa, amma hannun bai ƙara saki ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ban ce kada ki kula da jikinki ba, 'yar nan. Amma kafin ki raina abin da shekaru suka bar miki, ki tuna da maganar Hausawa: da tsohuwar zuma ake magani.