Ai Tururi Ne Kawai

"Tururi ne, Yaya, ba hayaƙi ba. Da shi da siracen da Inna take yi mana in muna mura duk ɗaya ne."

Nana Khadija ta ɗaga abin da ta tsinta a aljihun ƙanenta Nazeer wajen wanki, shishar lantarki mai ƙamshin mangwaro. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin siracen da ake ɓuya a banɗaki a yi ba. Nazeer ya fizge kayarsa ya fice.

Shi yake kiran salla a masallacin layinsu a Yakasai, tun da muryar mahaifinsu Malam Isiyaku ta dushe. Numfashi ne da shi mai tsawo. Malam har ya gaya wa liman cewa shi ya bar wa ɗansa ladanci.

A rumfar takalman da yake tsaro a Ƙofar Wambai kuwa, gasa suke yi da abokai, a ga wa zai fi turnuƙe wuri. Abin yana da maɓallin ƙara wuta. Nazeer ya ƙure nasa. In ƙauri ya ƙona masa maƙogwaro, sai ya ce yanzu ne ta nuna.

Tari ya kama shi, busasshe. Ya ce mura ce, ya ƙara zuƙa, wai tururin zai buɗe masa ƙirji.

Wata La'asar yana cikin kira, ya kai shahada, numfashi ya yanke. Ta lasifika unguwa ta ji tarin, ta ji faɗuwarsa.

A asibiti likita ta yi wa Nana Khadija bayani. In aka ƙure wutar, ruwan da ke cikin shishar ƙonewa yake yi, ya fitar da iska mai guba, har da irin sinadarin da ake adana gawa da shi. Ƙaurin nan shi ne alama. Huhunsa ya yi rauni. Zai rayu, amma dogon numfashi sai abin da Allah ya yi.

Samari, ku ji. Shishar lantarki ba sirace ba ce, ba ta maganin komai, kuma duk wutar da ka ƙara mata guba ka ƙara wa ƙirjinka. Barinta gaba ɗaya shi ne lafiya.

Malam dai ba wanda ya iya gaya masa dalilin ciwon. Ya zauna a bakin gado yana kallon robar iskar da ke hancin ɗansa, sannan ya juyo wajen 'yarsa.

"Uwata, likitar ta ce yaushe zai koma kira?"