Mai Gyaran Agogo da Motocin Cikin Kwali

Tunda ka ce komai sai ka ajiye aiki sannan za ka more shi, zauna in ba ka misalin wani mai gyaran agogo da aka yi a bakin kasuwarmu. Mutum ne mai natsuwar hannu, ba ya taba, ba ya goro. Abu guda ne ya shiga ransa: ƙananan motocin ƙarfe da ake ƙerawa daidai da siffar motocin alfarma na Amurka, na kafin yaƙin duniya na biyu. Kowace ba ta fi tafin hannu da yawa ba, amma ga dogon hanci, ga safayar taya a gefe, ga fitilu ƙuru-ƙuru. Shekara da shekaru yana tara su, sai dai ko ɗaya bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Ɗan gwanjon da ke kawo masa su daga Kwatano ne ya ce masa masu tara irinsu ba sa ɓare kwali, shi kuwa ya riƙe maganar kamar karatun allo. Iyakarsa ya leƙa ta 'yar tagar robar da ke jikin kwalin, ya haɗiye yawu, ya mayar ƙarƙashin gado. Ya ƙudura a ransa cewa ranar da ya samu wata Kadilak mai buɗaɗɗen rufi da ta gagare shi, ranar zai ɓare su duka, ya murza sitiyarin kowace da ɗan yatsa, ya jera su a kabad. In matarsa ta ce, "Malam, ka buɗe ko guda mana, mu ma mu ga abin da ya hana ka hira," sai ya ce, "Ke dai bari, saura ɗaya." Haka ɗayar nan ta yi ta cin shekaru, har matar ta riga mu gidan gaskiya ba ta gani ba.

Ana nan wata damina, yana zaune a teburinsa, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ya daɗe a asibiti. A bayansa ruwa ya shiga ɗakin, kwalayen suka jiƙe suka ruɓe. Da aka kusa sallamarsa, 'yarsa ta zo daga gidan mijinta don ta gyara masa ɗaki. Baiwar Allah ba mugunta ta yi ba, ita dai kayan wasa ta gani cikin ruɓaɓɓen kwali. Ta wanke su tas, ta raba wa yaran unguwa sadaka, ko Allah ya tashi kafaɗar babanta. Ranar da aka turo shi gida a keken marasa lafiya, tun daga bakin lungu ya hango motocinsa a hannun yara: an ɗaura musu zare ana ja cikin taɓo, wata babu ƙofa, wata an loda mata tsakuwa, yara sai shewa suke yi. Ya buɗe baki zai yi magana, sai yawu ya zubo. Wata 'yar yarinya ta ga tsoho yana kallon tata yana hawaye, tausayi ya kama ta, ta zo ta ɗora masa a tafin hannu ta ce, "Baba, ari." Hannun da ya shanye ne. Yana ganin motar kwance a kansa, amma ko sanyin ƙarfen bai ji ba. Da uwarta ta ƙwala mata kira, ta ɗauke abarta ta ruga gida.

To ka ji. Ba a banza Bahaushe ya ce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani ba.