Kafaɗar Uwani

"Mama, koma baya. Asibitin nan na ma'aikatan da aka kwaso daga Legas zuwa sabon babban birni ne," in ji maigadi.

Uwani ta nuna masa hannunta da ke reto. "Ɗana, zazzaɓi na yi. Yana sakina kafaɗa ta ɗau zafi, hannun ya mutu. An ce jijiya ce. Mu Gbagyi a kafaɗa muke ɗaukar kaya, yanzu ko ludayi ya gagare ni."

"Oga ya hana."

Ta juya, sai ta ga ƙaton hoton maraba da baƙi a bango: mace da tulu a kafaɗa, tana murmushi.

Ita ce. A gonarta aka ɗauki hoton, daidai inda maigadin yake tsaye yanzu.