Inda Ƙasar Kirya Ta Tsaya

Ina da shekara tara turmin gidanmu ya tsage. Kakana masassaƙi ne, ya ce turmi in ba na iccen kirya ba ne, ɓata gero ne kawai. Bayan azahar ya saɓi gatari ya ce in biyo shi, akwai kirya guda da ya sani bayan gonakin Korgom, tun yana saurayi yake ƙyale ta ta ƙara kauri.

Mun yi tahiya har ƙafata ta gaji da rairayi. Da muka isa, kututture muka iske, an sare ta an yi gawayi. Kaka ya duƙa, ya ɓantari baƙin wurin ya shinshina.

Na ce, "Kaka, mu nemi wata a gaba mana."

Ya ce, "Gaba ina, aboki? Kowane icce da ƙasarshi. Ta kirya da can har bayan Urafane take. Yau ga iyakarta nan, kana tsaye bisanta."

Yanzu ni ne mai bin sunayen itatuwa cikin waya, ba wanda ya koya mini. Can na gano ashe maganar Kaka tana da suna a boko, aire de répartition, wato faɗin ƙasar da icce ko dabba ke rayuwa da kanshi, ba wani ya kai shi ba. Wallahi na yi murna, na buɗe taswirar kirya da sauri. An shafa ma yankinmu na Tasawa kore, har da Mayahi. A wajen masu taswirar har yau muna cikin ƙasarta. Ni ko na zagaye gonakinmu kaf bisa babur, ban samu guda da zan nuna ma ƙannena ba.